Gwajin Sikila Kafin Aure: Yadda Ake Yin Sa, Yadda Ake Karanta Takardar, da Inda Ake Tafka Kuskure

Haruffa biyu ne kacal a takardar, AA ko AS ko SS, amma a kansu ake ɗaura aure ko a fasa. Tun da gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024, takardar jinotaif ta shiga cikin abubuwan da ake tambaya kafin a shafa fatiha, tare da ta ƙanjamau da ciwon hanta. Sai dai jama'a na karɓar takardar kamar yankan wuƙa, alhali daga sirinjin da ya ɗebi jini zuwa alƙalamin da ya rubuta sakamako akwai wurare da dama da aiki kan lalace. Gidajen da aka haifi mai sikila bayan an nuna wa magabata takardar AA ba su ƙirguwa.

Abin da ake nema a cikin jinin

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogilobin, shi ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta sassan jiki. Umarnin ƙera wani ɓangare nasa, wanda ake kira sarƙar beta, yana rubuce a kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum. Sarƙar tana da amino asid 146 a jere kamar carbi. Idan na shida a jerin ya sauya daga gilutamik asid ya koma balin, an samu himogilobin S. Idan a wannan gurbin dai ya koma layisin, an samu C. Wanda bai sauya ba shi ne A. Vernon Ingram ne ya gano sauyin nan na S, na ƙwaya ɗaya tilo, a Ingila a tsakanin 1956 da 1957, bayan Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa himogilobin masu ciwon daban yake da na sauran mutane.

S idan ya sauke iskar da ya ɗauko sai ya harɗe ya zama tsinkaye, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Daga nan ne ciwon ƙashi da gaɓoɓi ke tasowa, wanda ya sa Hausawa suka ce amosanin jini. Lafiyayyar ƙwaya tana kwana 120 tana aiki, mai lauje kuwa da ƙyar take wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jinin mai sikila kullum a ƙasa yake, idonsa kuma ba ya rabuwa da ɗorawa.

Kowane mutum ƙwayar gado biyu yake da ita ta wannan sarƙa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Hanya mafi sauƙi ta gane lissafin ita ce a samo goro fari da ja da jaka biyu. Farin goro A ne, jan goro S. A jakar uba mai AS a sa fari ɗaya da ja ɗaya, a ta uwa mai AS ma haka. A rufe ido a zaro ɗaya daga kowace jaka: abin da ya fito shi ne ɗan. Fari da fari AA, fari da ja AS, ja da ja SS. Sannan, kuma nan ne mutane ke tuntuɓe, a mayar da goron cikin jaka kafin a sake zara. Jakar ba ta tuna abin da ya fito a baya. Don haka maganar da ake yi cewa "ɗa na huɗu ne ke zuwa da ciwon", ko "mun riga mun haifi mai sikila ɗaya, ukun da za su biyo baya lafiya", ba ta da tushe. Kowane ciki da rabonsa: 1 cikin 4 SS, 2 cikin 4 AS, 1 cikin 4 AA. Ma'aurata AS da AS da suka haifi 'ya'ya 4, yiwuwar a ce babu mai sikila ko ɗaya a cikinsu kashi 32 cikin 100 ne kawai. In 'ya'yan sun kai 6, ya sauko zuwa kashi 18.

Sauran haɗin duk da goron za a iya fitar da su. SS da AA: duk 'ya'yan AS ne, babu mai ciwon. SS da AS: rabi da rabi. AS da AC: 1 cikin 4 zai zo da SC, kuma SC sikila ce, ko da yake takan zo da sauƙi a yarinta, ta bari sai an girma ta taɓa ido da ƙashin ƙugu, ta kuma wahalar da mace lokacin goyon ciki. C ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso, akwai shi kuma a ƙasar Yarabawa, saboda haka Hausawan zango da masu aure daga can kada su tsaya a tambayar S kaɗai.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan Najeriya na ɗauke da S guda, ana kuma haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara. Dalilin yawan kuwa zazzaɓin cizon sauro ne: Anthony Allison ya nuna a 1954 a Gabashin Afirka cewa yaro mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓi, don haka inda sauro ya yi katutu S ya yaɗu. Wannan kariyar ba ta hana AS kamuwa, tsananin take ragewa, mai SS kuwa zazzaɓin na iya kashe shi cikin kwanaki. Idan mutum 1 cikin 4 AS ne, to aure 1 cikin 16 haɗin AS da AS ne ko da ango daga Sakkwato yake amarya daga Yola. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar, musamman gidan da aka daɗe ana auren 'yar baffa da ɗan gwaggo, amma a batun sikila guje wa dangi ba ya wadatarwa, gwajin ne abin dogaro.

Yaushe, kuma wane gwaji

Tun ran gini ran zane. Gwajin da aka yi bayan an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an fara haɗa lefe, ya zo a makare, domin wanda ya yi nisa ba ya jin kira, kuma a irin wannan matsi ne ake neman takardar bogi. Jinotaif ba ya canzawa daga haihuwa har mutuwa, saboda haka abin da ya fi shi ne iyaye su yi wa 'ya'ya tun suna makaranta, a ajiye takardar tare da ta haihuwa. Mai ƙara aure ya sani cewa kowace mata da lissafinta: namiji AS da uwargidansa AA zai iya haihuwar 'ya'ya goma lafiya, ya ɗauka shi ma AA ne, sai amarya AS ta shigo a fara zaryar asibiti, dangi su ɗora mata laifin da rabinsa daga ɗansu yake.

Kada a rikita jinotaif da rukunin jini. A, B, AB da O, da alamar tarawa ko ɗebewa da ke biye da su, wani gwaji ne daban, kuma "A" ɗin rukunin jini ba shi da alaƙa da AA. Shi ma yana da amfaninsa: mace mai alamar ɗebewa da ta haifi jariri mai alamar tarawa tana buƙatar allurar anti-D cikin awa 72 da haihuwa don kare cikin gaba. Amma bai ce komai a kan sikila ba.

Gwaji mafi arha shi ne wanda ake ɗiga jini a kan gilashi, a gauraya da sodiyam metabaisalfayit mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, a rufe, a toshe gefe da basilin don iska ta ƙare, a duba a madubin likita ko ƙwayoyin sun lanƙwashe. A Nijar ana ce masa gwajin Emmel. Shi da ɗan'uwansa da ake duba gurɓacewar ruwa a kwalba, amsa ɗaya suke bayarwa: akwai S ko babu. Ba sa bambanta AS da SS da SC, ba sa ganin C sam. Idan ruwan maganin ya kwana biyu da haɗawa, ko toshiyar basilin ta bar iska ta shiga, mai AS sai ya fito kamar ba shi da komai. Duk wurin da ya yi wannan gwajin kaɗai ya rubuta AA, ya rubuta abin da bai gani ba. Ba gwajin aure ba ne.

Wanda aka fi yi a asibitocinmu shi ne ilektiroforesis. Ana fasa ƙwayoyin jinin, a ɗora ɗigo a kan wata farar takarda ta seluloz asitet da aka jiƙa da ruwa mai pH 8.4 zuwa 8.6, a kunna wuta na kamar minti 20 zuwa 30. Kowane irin himogilobin da saurin tafiyarsa: A ne ke gaba, F na jarirai na biye, sai S, C kuma can baya kusa da inda aka fara. In aka tsoma takardar a rini sai ka ga layuka jajaye kamar an shafa jan baki da tsinke. Mai AA layi ɗaya mai kauri a gaba, mai AS biyu, na gaban ya ɗan fi kauri. Dole a kan takardar nan a gudanar da jinin da aka riga aka san yana da A da F da S da C, don a gwada layukan da shi. In babu wannan ma'auni, layi ɗaya tilo ba a iya rantsuwa A ne ko S ne. Wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, ko an yi ta maimaita ruwa ɗaya har ya gaji, ko an cika jini a ɗigon, layukan sai su haɗe su zama dabbare, ma'aikaci ya yi canki-canki.

Ko an yi shi daidai, yana da makanta. Wasu nau'o'in himogilobin, D da G, suna tsayawa daidai inda S ke tsayawa, E da O-Arab kuma inda C yake. O-Arab akwai shi a Sudan, kuma haɗuwarsa da S tana da tsanani kamar SS, ba kamar SC ba.

Mafi inganci cikin waɗanda ake samu shi ne HPLC, na'urar da ke raba himogilobin ta kuma faɗi kason kowanne. Ya fi tsada, ana samunsa a asibitocin koyarwa da manyan ɗakunan gwaji, a Yamai kuma akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila. Akwai kuma 'yan tsinkayen gwaji irin na maleriya, HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu ganin A da S da C cikin mintuna da ɗigon jinin yatsa. Suna da kyau ƙwarai wajen tantance jama'a a karkara, amma wanda ya nuna S ko C a tabbatar masa da ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen biyu.

Ranar gwajin

Ba a buƙatar azumi, kuma zazzaɓi ko al'ada ko ciki ba sa canza sakamako. Babban abin da ke canza shi shi ne ƙarin jini. Jinin da aka ƙara wa mutum yana yawo a jikinsa har kusan wata huɗu, don haka mai SS da aka ƙara wa jinin AA watan jiya zai fito AS. A jira wata 3 zuwa 4, kuma a faɗa wa ma'aikacin ko bai tambaya ba.

Saurayi da budurwa su je tare, kowa da wakilin gidansu, wa ko yaya ko kawu, da katin shaida mai hoto. Ana ɗibar mililita 2 zuwa 3 a kwalba mai murfi ruwan malmo, wadda ke da maganin hana daskarewa na EDTA, a juya ta a hankali sau da yawa, ba girgizawa ba. Ku tsaya ku ga an rubuta cikakken suna da shekaru da lamba a jikin kwalbar kafin ku tashi. A layin da ke da Aisha Muhammad uku da Abubakar Usman biyu, musayar kwalba ba abin mamaki ba ne, kuma tana cikin manyan hanyoyin samun sakamakon da ba naka ba. Ku tambaya a nan za a yi aikin ko aikawa za a yi. Jinin da ya wuni a aljihun ɗan acaɓa cikin zafin Afrilu ya lalace, wurinsa firji ne mai sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma a gwada shi cikin mako.

Wakilan gidajen biyu su karɓi sakamako hannu da hannu. Hoton takarda a WhatsApp ba shaida ba ne. Takardar kirki tana ɗauke da sunan hanyar da aka bi, kwanan wata, sa hannu da hatimi. Sannan a sake gwajin a wani wuri daban da bai san sakamakon farko ba, a fi so ɗaya daga cikin biyun ya zama HPLC. Idan sun saɓa, ba a zaɓar wanda ya yi wa rai daɗi, na uku ake yi.

Karanta lambobin

A takardar HPLC, mai AS na gaskiya A ɗinsa ya fi S yawa: S tsakanin kashi 35 zuwa 40, A kusa da 55 zuwa 60. In S ya yi ƙasa da 35, yawanci mutumin na ɗauke da alfa talasimiya ne a gefe, wato matsalar gado da ke rage ƙera ɗaya ɓangaren himogilobin, sarƙar alfa, abin da ya zama ruwan dare a Afirka ta Yamma, ko kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe. In kuwa S ya fi A yawa, misali S 70 A 20, kuma ba a yi ƙarin jini ba, wannan ba AS ba ne, sikila ce haɗe da beta talasimiya, wato matsalar gado da ke rage ƙera sarƙar beta, mai ita majinyaci ne ko da an daɗe ana ce masa AS. Mai SS ba shi da A ko kaɗan, S ɗinsa kan kai 80 zuwa sama da 90, ragowar F ne da ɗan A2, wani himogilobin da ake samu kaɗan a jinin mutum. Mai SC kusan rabi da rabi.

Layin da aka fi tsallakewa shi ne A2. A mai AA bai kamata ya wuce kashi 3.5 ba. In ya wuce, kuma gwajin ƙidayar jini ya nuna ƙwayoyin ƙanana ne, wato MCV (girman ƙwaya) ƙasa da 80 da MCH (yawan himogilobin da ke cikinta) ƙasa da 27, akwai alamar mutumin na ɗauke da beta talasimiya. Irin wannan a ilektiroforesis AA yake fitowa tsaf, amma in ya auri AS, 1 cikin 4 na 'ya'yansu na iya zuwa da sikila. Ba shi da yawa a ƙasar Hausa, amma akwai shi. Saboda haka duk lokacin da ɗaya AS ne ɗaya AA, shi mai AA ɗin ne ya fi cancantar a kashe wa kuɗin HPLC da ƙidayar jini, domin a kan AA ɗinsa aka jingina auren gaba ɗaya. A mai S kuwa na'urar kan ɗaga A2 sama kaɗan ba tare da wani dalili ba, kada ya tayar da hankali.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke rushe gidaje: an haifi yaro, an ce SS ne, uba ya zaro takardar AA. Kafin kowa ya buɗe baki da zargi, a sake gwada uba da uwa da yaron da HPLC a wuri ɗaya. Mafi yawan lokuta tsohuwar takardar ce ba daidai ba, wani lokaci kuma talasimiyar nan ce ta ɓuya, domin haɗin S da beta talasimiya mai tsanani kamanninsa ɗaya da SS a takarda. Gwajin jinotaif ba gwajin tabbatar da uba ba ne.

Idan an riga an yi auren

Ma'aurata AS da AS su gwada kowane jariri tun a makonnin farko, ba sai ya fara ciwo ba. Jariri yana zuwa da himogilobin F mai yawa wanda ke kare shi, shi ya sa alamu ba sa bayyana sai wajen wata 5 zuwa 6. Saboda wannan F ɗin, gwajin gilashi ba ya aiki a kansa, sai HPLC ko tsinken gwaji, da ɗigon jinin diddige. Takardar jariri takan ce FA, FAS, FS ko FSC. FS na nufin ba a ga A ba, a ɗauke shi a matsayin mai sikila, a sake tabbatarwa daga baya. Ana kuma iya gwada ɗan tayi daga ɗan tsokar mabiyiya a mako na 10 zuwa 13 na ciki, ana yi a cibiyar sikila ta ƙasa da ke Legas, amma ma'aurata su zauna da likita da malaminsu su san me za su yi da amsar tun kafin su nema.

Amfanin sani da wuri shi ne abin da ke kashe waɗannan yara kafin shekara 5 ana iya tare shi. Saifarsu tana mutuwa da wuri, ƙwayoyin cutar nimoniya da sanƙarau su samu ƙofa. Wani bincike a Amurka a 1986 ya nuna shan fenisilin kullum ya rage irin wannan kamuwa da kashi 84 cikin 100. Ana farawa tun wata 2 zuwa 3, miligiram 125 safe da yamma har shekara 3, sannan 250 har shekara 5, bisa rubutun likita, tare da cikakken rigakafi, gidan sauro, maganin kariya daga maleriya da folik asid. Zafin jiki da ya kai digiri 38.5 na asibiti ne a daren nan, ba na farasitamol a jira safiya ba. Alamar farko sau da yawa kumburin bayan hannu ko ƙafa ne, yatsun su yi suntum da zafi, yaro ya ƙi a taɓa shi. Uwa ta sa ma'aikaciyar jinya ta koya mata lalubo saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu lokacin wanka: in ta sauko fiye da yadda ta saba, tafin hannu da leɓe suka yi fari fat, yaro ya yi laushi, jini ne ya taru a cikinta, kuma awoyi kaɗan ake da su.

Daga shekara 2 zuwa 16 a riƙa yin hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa na TCD sau ɗaya a shekara. Gudun jini da ya kai santimita 200 a daƙiƙa alama ce ta haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A ƙasashen masu hali ƙarin jini ake yi wa irin waɗannan yara duk wata. Binciken SPRING da aka gudanar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin Kano da Kaduna, wanda aka wallafa a 2022, ya gwada maganin haidiroksiyuriya a madadin haka, miligiram 10 ko 20 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, bai kuma ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin awon biyu ba wajen hana shanyewar. Maganin yana ɗaga F ne ya hana S harɗewa, yana kuma iya rage fararen ƙwayoyin jini, don haka ba a shan sa sai da ƙidayar jini a kai a kai, kuma macen da ke shirin ɗaukar ciki ta fara magana da likitanta. Dashen ɓargo daga ɗan'uwa shaƙiƙi da jininsu ya dace yana warkarwa, an fara yin sa a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Maganin gyaran ƙwayar gado na Casgevy, da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Ko wanda aka warkar ta ɗayan hanyoyin nan biyu, S ɗin na nan a maniyyinsa ko ƙwan mahaifarta, don haka ranar da ya tashi aure a lissafa shi a matsayin SS, duk abin da sabuwar takardar jininsa ta nuna.